Yadda Za Ka Tono Shekarun Tsohuwar Mota Ba Tare da Ka Tono na Gwaggonka Ba

Idan akwai wata tsohuwar mota a tsakar gidanku da ta daina tafiya tun kana sa gajeren wando, kuma kwanan nan ka lura mutanen gida suna yi mata irin kallon da mahauci ke yi wa sa, to jawo benci ka zauna. Ba sauri muke yi ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin kwana shida za ka san shekarar da aka ƙera ta, da watan, har da launin da ta fito da shi kafin wani ɗan uwanka ya shafe ta da fentin bango. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Sau ɗaya dai aka gwada ta, amma ba ta ba da kunya ba.

Wanda ya gwada ta abokina ne, mai facin taya a bakin titinmu. Bawul muke ce masa, saboda kamar bawul ɗin taya yake, siriri ne, gajere, kuma in ka ɗan danna shi sai duk abin da ke cikinsa ya fito. Da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Jira a yi wa motar barazana

Mai hankali ba ya tashi haka kawai ya ce zai binciki tarihin mota. Sai an matsa maka. Saboda haka ka yi haƙuri har ranar da za a sa mata wa'adi.

Motar gidan su Bawul ta kakansa ce. Daga kaka ta koma hannun babansa, da baban ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce sai aka ɗora ta a kan bulo huɗu a gindin katanga, tana nan har yau. Kullum da rana Bawul yakan rufe shago, ya shigo gida, ya buɗe ƙofar direba da igiyar da ke madadin mariƙi, ya ci abincinsa a ciki. Akwai wani wuri a jikin sitiyari da tafin hannun babansa ya cinye har ya yi santsi. Nan yake ɗora hannun hagu, yana ci da na dama. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma duk unguwa an sani.

Gidan kuwa na Gwaggo ne, yayar babansa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar. Ran Litinin ta same shi a cikin motar, ta ƙwanƙwasa gilashi da gindin tsintsiya.

"Asabar mai sayen ƙarfe zai zo. Kaji zan zuba a wurin nan."

"Gwaggo, motar Baba ce fa."

"Babanka ƙanina ne, na fi ka saninsa. Shi ma da ya shekara goma sha ɗaya a tsakar gidana ba ya motsi, da tuni na kira an ɗauke shi."

"Irinta yanzu tarihi ce, Gwaggo. Tsohuwa ce ƙwarai. Ta ma girme ki."

Gwaggo ta jingine tsintsiya. Maƙwabta mata biyu da suka shigo aron turmi suka fasa tafiya.

"Ta girme ni, ka ce?"

"Ina jin haka."

"To ni ba a yi mini tarbiyyar korar na gaba da ni daga gida ba. Kawo mini takarda a rubuce cewa ta girme ni, ko da kwana ɗaya ne, ta ci gaba da zamanta. In babu takarda, Asabar."

Ka ga dalili ya samu. Yanzu sai aiki.

Mataki na 2: San shekarun da kake tsere da su, amma kada ka tambaya

Shekarun Gwaggo arba'in da tara. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana nan a wurin, ba ta gusa ba, kamar motar. In ka bi lissafinta, ƙaninta da ya rasu, da yana raye, da yanzu ya girme ta da shekara takwas. Babu wanda ya taɓa yin wannan lissafin da ƙarfi, domin kowa yana son ransa.

Kuma akwai wani tsohon hedimasta, matarsa ta rasu, da ke zuwa gaishe ta duk bayan kwana biyu da riga mai karin guga, ya zauna a kujerar roba ya yi mata bayanin yanayin gari. Tun da ya fara zuwa, arba'in da taran nan ta ƙara kafuwa.

Rubuta lambar a tafin hannunka. Kada ka yi dariya lokacin da kake rubutawa, ana iya ganinka ta taga.

Mataki na 3: Kada ka fara da abin da ka iya

Ilimi yana da haɗari, musamman in guda ɗaya ne kawai gare ka.

Bawul ya san taya kamar yunwar cikinsa. Ya san kowace taya tana ɗauke da makon da aka yi ta da shekarar, an buga a gefenta. Don haka ko kwanonsa bai wanke ba ya durƙusa, ya tofa yawu, ya goge da gefen riga. Ta gaba ta dama, shekara goma sha huɗu. Ta hagu, goma sha shida. Ta baya ɗaya, goma sha tara. Ta huɗun ma ba tayar mota ba ce, ta wata ƙaramar tirela ce da babansa ya lallaɓa ta ta shiga.

Ya ɗauki wadda ta fi tsufa, ya tafi da gudu har ƙofar kicin.

"Gwaggo, na gano! Goma sha tara!"

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. "Ashe ma 'yar cikina ce. Je ka ce mata ta zo ta yi mini wanke-wanke."

Sai da ya dawo benci yana haki na tambaye shi, a hankali, ko shi da ya sayi takalmi bara, shekararsa ɗaya ke nan a duniya. Ya daɗe yana kallon takalmin.

Mataki na 4: Je ofishin rajistar motoci, don kawai a ce ka je

Ba za ka samo komai ba. Amma bincike ba ya cika sai ka yi wuni guda a kan benci kana kallon fanka ba ta juyawa.

Ran Talata Bawul ya cire lambar motar ta gaba, ya naɗe ta a tsohuwar jarida, ya kai. Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya kamar an miƙa masa ƙashin wata dabba.

"Malam, wannan lambar ta girmi ginin nan. Takardun zamaninta suna ɗakin baya, ɗakin bayan kuma gara ce ke da mabuɗinsa. Kawo motar mu gani."

"Ba ta tafiya, ranka ya daɗe."

"To mai motar ya zo da kansa."

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To ya rubuto takarda ya wakilta ka."

Yi godiya. Ɗauki lambarka. Kada ka tsaya gardama, mutumin yana da gaskiya ta wani ɓangaren da ni da kai ba mu kai ga ganewa ba.

Mataki na 5: Nemo makaniken da ya fi kowa cutar motar

Kowace tsohuwar mota tana da mutum guda da ya san cikinta, domin shi ya kwashe shi. Na su Bawul wani dattijo ne da ake kira Baba Sifana. Ya daina aiki, ido ya yi rauni, amma kullum yana zaune a bakin garejin da 'ya'yansa ke riƙe da shi, yana gaya musu duk abin da suke yi ba daidai ba ne.

Bawul ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya ce yana so ya duba lambar inji.

"Wane injin? Na kakanka ya buga tun kafin a haife ka. Wanda ke ciki yanzu na wata motar haya ne da ta faɗa rami."

"To gilashi fa, Baba? An ce akwai shekara a jikin gilashi."

"Akwai. Shekarar da babanka ya yi karo da amalanke."

"Ƙofofin?"

"Biyu nata ne. A'a, tsaya. Ɗaya. Ɗayar ma ban rantse ba."

"Lagireto?"

"Yaro, ka daina ƙirga mini zunubaina. Babu abin da ban canza ba a motar nan sai hon, shi ma don bai taɓa yin ƙara ba ne balle ya lalace."

Bawul ya zauna a ƙasa. Ya ce to ashe motar babansa ba motar babansa ba ce.

Baba Sifana ya buga masa hula a ka. "Kai ma haƙoranka na yarinta suna ina? Mota gangar jikinta ce. Casis. Wannan ba a canza shi, sai dai a binne su tare. Ka cire kujerar mai zaman banza, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, za ka ga lamba an buga ta a jikin ƙarfe. Ita ce takardar haihuwarta." Ya lumshe ido. "Ai ina nan ranar da aka kawo ta. Ina koyon aiki a lokacin. Sabuwa fil, leda a kan kujeru. Duk unguwa aka fito. Gwaggonka ma..."

A nan ne za ka miƙe, ka ce an bar maka taya a kan wuta. Bawul bai miƙe ba, amma Allah ya taimake shi wani jikan Baba ya ɗaure noti a karkace, tsohon ya juya kansa da faɗa.

Abin lura: tsofaffi ma'ajiyar tarihi ne, amma ba su da birki. Ɗebi abin da ka zo nema ka gudu.

Mataki na 6: Cire kujera, ka ajiye samfefa nesa da hannunka

Ran Alhamis da hantsi Bawul ya jiƙa notunan kujerar da baƙin mai, ya yi ta fama har uku suka kwance, na huɗun ya karye don kansa. A ƙarƙashin kujerar ya tarar da mataji marar haƙora, takalmin yaro ƙafa ɗaya wanda ya gane nasa ne, gidan ɓera mai ɗaki biyu, da wata ambulan da ta manne da shimfiɗa. Ya sa ambulan a aljihu, ya ɗaga shimfiɗar. Ga wurin lambar nan, amma tsatsa ta rufe shi ruf.

Kada ka manta Bawul mai faci ne. Duk abin da ya gani a duniya, hannunsa so yake ya kankare shi kafin ya shafa gam. Ya ɗauko samfefa mai kaushi ya duƙufa. Yana gogewa yana jin daɗi, ƙarfe yana fitowa fari tas. Da ya hura ƙurar, sai ya ga tsatsa ta tafi, rabin lambar farko ma ta bi ta.

Baba Sifana, da aka kawo shi a bayan babur don ya sa ido, ya laluba wurin da yatsa ya yi salati.

"Shekara hamsin ruwa bai ci lambar nan ba, ɓera bai ci ba, ni kaina ban ci ba. Kai ka zo da safe ɗaya! Ba ni abin nan."

Ya jefar da samfefar bayan katanga. Ya sa aka kawo kananzir da tsumma aka wanke wurin a hankali, kamar ana wanke ciwo. Ya sa aka goga alli, aka share na sama da tafin hannu, farin ya maƙale a cikin ramukan. Sannan ya ce Bawul ya lulluɓa da bargo, ya haska fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba.

Haka Gwaggo ta fito ta tarar da su: rana tsaka, ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙofar mota, sauran mutum yana cikin bargo yana kiran lambobi, tsoho yana maimaitawa kamar mai karɓar karatu.

"Baba, ina wuni. Wannan kuma aljanun motar ake cirewa?"

"Shekarunta muke cirewa, 'yar nan."

"A yi dai a hankali," in ji Gwaggo. Ta ɗan tsaya tana kallon inda kujerar take a da, sannan ta koma ciki.

Lambar ta fito duka. Ta farkon, bayan an yi mata kallo ta kusurwa uku, aka yanke hukuncin takwas ce ba uku ba.

Mataki na 7: Miƙa lambar ga mutanen da ba su da aikin yi

A duniyar nan akwai wasu bayin Allah, yawanci tsofaffi, yawanci a ƙasashe masu nisa, waɗanda suka haddace lambobin tsofaffin motoci kamar yadda kai ka haddace sunayen 'yan ƙwallo. Suna da zaure a intanet. Can za ka.

Mai shagon buga takardu na kusa da mu shi ya rubuta wa Bawul saƙon da yarensu. Kafin Bawul ya gama shan ruwan leda, wani dattijo daga hayin teku ya amsa da shafi biyu. An ƙera motar shekara hamsin da uku da suka wuce, a wata na uku. Launinta kore ne da ta fito. Guda ɗari huɗu da 'yan kai kawai aka yi masu irin fitilarta. Ya ce shekara tara yana neman inda wannan lambar ta shiga, ya ce yau ba zai iya cin abinci ba don murna, ya roƙi a turo masa hotonta.

Kada ka tura hoto. Bawul ya tura. Dattijon ya ga fentin bango ruwan ƙasa, da tayar tirela, da igiyar ƙofa. Bai sake magana ba sai washegari, ya rubuto kalma uku, mai shagon ya ce ta'aziyya ce.

Hamsin da uku ta fi arba'in da tara. Sa a buga maka bayanin a takarda mai kauri. Sa a buga hatimi, kowane iri ne. Na Bawul hatimin wata makarantar rainon yara ne da aka manta a shagon, an danna shi a karkace yadda ba ya karantuwa.

Mataki na 8: Ɓoye rabin abin da ka gano

Nan ne ake gane ƙwararre. Kowa yana iya tono tarihi, mayar da rabinsa rami shi ne sana'a.

Sai ran Juma'a Bawul ya tuna da ambulan. Ya buɗe a shago. Hoto ne, baƙi da fari, gefensa ya cinye. Ga motar sabuwa, leda a kan kujeru kamar yadda Baba Sifana ya faɗa. Ga kakansa ya dafa ƙofa yana ƙoƙarin kada ya yi murmushi. A kan bonet kuma ga wata yarinya, ba za ta gaza shekara bakwai ba, ta baje ƙafafu, ta washe baki babu haƙoran gaba biyu. A saman girarta ta hagu akwai ɗan tabo kamar tsinken ashana.

Duk wanda Gwaggo ta taɓa harara ya san tabon nan.

Bawul ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Hamsin da uku da bakwai. Ya dube ni, na dubi titi.

In hoton ya fito, Gwaggo ta girmi motar, Asabar mota ta tafi. Kuma ba motar kaɗai za ta tafi ba, har da arba'in da tara, wataƙila har da hedimasta. Shawarar da na ba shi ita zan ba ka: sa hoton a cikin tsohon tub, ka naɗe, ka tura ƙarƙashin tayoyin da masu su suka gudu suka bari. Shi kuwa ya ce ba zai iya sa kakansa a cikin tub ba. Ya mayar aljihun gaban riga, daidai inda kowa zai gani.

Da yamma Gwaggo ta zuba masa abinci, ta zauna tana kallonsa, abin da ba ta saba ba.

"Me ka samu a ƙarƙashin kujerar?"

"Tsatsa."

"Sai me?"

"Ƙarin tsatsa."

"To me ya sa kake zufa? Ban sa yaji ba."

Ya ce miyar ce da zafi, ya ɗauki kwanonsa ya gudu mota.

Mataki na 9: Tara shaidu, ka zaɓi mai karanta takarda

Kada ka miƙa takarda a ɗaki, daga kai sai ita. A ɗaki takarda takan zama abin hura wuta. Bari sai tsakar gida ta cika.

Ran Asabar da safe mai sayen ƙarfe ya iso da babbar mota da sarƙa biyu. Maƙwabta matan nan suka dawo da turmin da suka ara, suka ƙi ajiyewa. Baba Sifana ya zo ba a gayyace shi ba. Hedimasta ya zo a kan ranarsa, da karin gugarsa. Shi Bawul ya miƙa wa takardar da hannu biyu.

Hedimasta ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya irin na taron ɗalibai, ya karanta tun daga sama har hatimi. Ya ɗaga kai.

"Hamsin da uku. In aka cire arba'in da tara, saura huɗu. Motar ta girmi Hajiya da shekara huɗu cif."

Mai sayen ƙarfe ya saki sarƙa ta faɗi. "Haba Hajiya! Ke da bakinki kika ce mini kina tuna ranar da aka kawo ta."

"Na ce ana ba ni labari."

"Wallahi cewa kika yi..."

"Ai ni ma ina tunawa," in ji Baba Sifana daga kan bulo. "Ranar kina kan bonet, an yi an yi ki sauka..."

"Baba, ka sha maganinka yau kuwa?"

"Wane magani?"

"Kun ji ko? Ko maganin ma ba ya tunawa."

Hedimasta mutum ne mai son a gama abu da tsari. Ya juya ga Bawul, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Ɗana, kai ka yi binciken. Akwai wata shaida ban da wannan?"

Kai a nan cewa za ka yi babu. Harafi huɗu ne, ko yaro ya iya. Amma an dafa Bawul, kuma na gaya maka yadda yake in an danna shi. Ya dubi motar, ya dubi Gwaggo, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Akwai hoto."

Matan nan suka ajiye turmi.

Hedimasta ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya dubi yarinyar, ya dubi Gwaggo, ya sake duban yarinyar. Idonsa ya tsaya a kan gira. Mai sayen ƙarfe ya sunkuya ya fara tattara sarƙarsa yana murmushi. Bawul kuwa ya riga ya fara yi wa sitiyari sallama a zuci.

Gwaggo ta miƙa hannu aka ba ta. Ta riƙe hoton nesa da fuska, yadda masu arba'in da tara ke yi in sun manta tabarau. Wurin kajinta yana gefe guda, shekara goma sha ɗaya da ta share daga rayuwarta da guminta suna ɗaya gefen, ga hedimasta a tsaye.

"Ɗiyar maƙwabta ce," ta ce. "Sun tashi tuntuni. Ku dubi bakinta, kamar ƙofar da aka sace."

Hedimasta ya cire tabarau ya sa a aljihu. "Lallai kam. Ko kusa ba ta kama ƙafar Hajiya ba."

Baba Sifana ya buɗe baki, ɗaya daga matan ta cusa masa kofin shayi.

Gwaggo ta juya ga mai sayen ƙarfe. "Malam, juya motarka. Wannan yayata ce. Ba a ɗaure yayata da sarƙa ina raye."

Mataki na 10: Karɓi abin da aka ba ka, kada ka nemi ƙari

Da kowa ya watse, Bawul ya shiga mota ya zauna. Can sai ga Gwaggo ta zagayo ta ɗaya ƙofar. Babu kujera a wurin, don haka ta jawo bokiti ta kife ta zauna. Hoton yana hannunta.

"Ranar nan," ta ce, "kafin kakanka ya bar kowa ya hau, ko matarsa, sai da ya ɗauki yarinyar nan ita kaɗai ya zagaya unguwa da ita sau uku. Ya bar ta ta riƙe sitiyari a kan cinyarsa. Ta yi amai a kan ledar, bai ko yi mata faɗa ba."

Bawul ya ɗora hannu a kan santsin sitiyarin.

"Haka yarinyar ta ba ni labari."

"Na'am, Gwaggo."

Ta soke hoton a cikin ɗankwalinta, ta juya ta ƙare wa kujerar baya kallo, ta ƙwanƙwasa rufin, ta gwada iskar taga da tafin hannu.

"Na ce ba za ta bar gidan nan ba. Ban ce za ta zauna ba aiki ba. Babba ce, ta riƙe mini yara."

Ran Litinin kaji goma sha biyu suka tare a kujerar baya da but, wurin zuba kaya. An ja ragar waya a bayan kujerar direba, ita ce iyaka. Bawul yana nan yana cin abincinsa a gaba kullum da rana, sai dai yanzu da sauri yake ci, domin akwai wani zakara da ya gano ragar ba ta kai rufi ba.

Kafin ka tashi

Ni dai benci nake zama, ko keke ban mallaka ba. In ka bi matakan nan ka kankare lambarka gaba ɗaya, hannunka ne. In dattijon hayin teku ya ga hoton motarku ya kwanta asibiti, ku kuka yi fentin. In gwaggonka irin masu faɗin shekarunsu na gaskiya ce, to tun farko ba ka da magani, ka je ka taya mai sayen ƙarfe ɗaura sarƙa. In kuwa takardar nan ta faɗa hannun wata baiwar Allah mai tabo a girar hagu, ban san wanda ya rubuta ba, ban iya rubutu ba, kuma ni a ganina ko arba'in ba ta kai ba.